Kaset ɗin da Na Shafe a Birmingham

Ni ban iya son abu kaɗan-kaɗan ba. In na kamu, to na kamu har wuya. Da na zo Manchester karatu a farkon shekarun dubu biyu, abu biyu suka shiga jinina: kiɗan rock da silima. A gida, can Jos, na taso ina kaɗa wa mawaƙan cocinmu jita, jita mai ladabi wadda ba ta ɗaga murya sama da ta fasto. Ran da wani ɗan ajinmu ya ja ni wani ƙaramin zaure inda ake wasan kiɗa, mai ganga ya yi dukan farko na ji shi a ƙashin ƙirjina, mai jita kuma ya sa ta tana ihu tana kuka tana zagi. Na fito kunnuwana suna ƙara, bakina ya ƙi rufuwa. Tun daga ranar aka rasa ni.

Ina karatu a Salford, ina kwana a wani ɗaki a Withington, ina wanke kwanuka a wani gidan abinci a Rusholme. Juma'a da rana kuwa ta silima ce, sabon fim ko na banza ne sai na gani da idona kafin in zage shi. Kuma ban taɓa koyon kallo irin na Turawa ba, a zauna shiru sai ka ce ana zaman makoki. Ni in jarumi zai buɗe ƙofar da bai kamata ba, sai na gaya masa. Sau nawa aka juyo ana hararata, ko a jikina.

Ina da wata 'yar rakoda da ke shiga aljihun rigar sanyi. An hana ɗaukar sauti a wuraren wasa, amma hani bai taɓa damuna ba. Da an kashe fitilu sai in zura hannu in danna. Abin da ake samu rabinsa hayaniya ce, amma hayaniyar da nake cikinta ce, don haka ta fi mini faifan kanti daɗi. Kaset a ƙunshi nake saye, baƙaƙe iri ɗaya. Da Kirsimeti na raba wani ƙunshi biyu, na aika rabi gida saboda Mama.

Mama ba ta yi boko ba. Ba ta rubutu, kuma ba ta yarda da waya ba. Wayar ta maƙwabta ce, sai an kira ta ta je falon mutane ta tsaya, kowa ya kasa kunne. Ta ce magana a wayar mutane kamar wanka ne a bakin titi. Saboda haka in tana da zance na gaske, sai ta sa yayata, wadda ke aure kusa da ita kuma take kula da ita tun rasuwar babanmu, ta ɗauko rakoda ta danna mata. Kaset ɗin ya jira matafiyi. In ya iso, in saurara, in juya bayansa in yi amsa, in ba wani matafiyin ya mayar. Shi ya sa ba ma taɓa karya 'yan kunnuwan nan na saman kaset da ke hana a yi sabon ɗauka a kansa. Ba a kuma rubuta komai a jikinsa, wa zai karanta?

Kaset ɗin Mama kuwa sai mai haƙuri. Ta fara da addu'a, ta gaida ni, ta gaida sanyi, ta gaida mai gidan da nake haya wanda ba ta taɓa gani ba. Sannan wa ya mutu, wa ta haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa. Zakara yana cara a bayanta. Tana da wata ɗabi'a da ke ba ni dariya: in ta yi tambaya sai ta yi shiru, ta bar mini wurin amsa. "Kana cin abinci kuwa?" Shiru. Can sai ta ce, "To, madalla." Har kunna wa abokaina na taɓa yi muna dariya, Allah ya yafe mini.

Wata Lahadi bayan sujada, wata mata a cocinmu da ta dawo daga gida ta miƙo mini leda: yaji, daddawa, da kaset. Ta ce, "Mamanka ta ce hannu da hannu. Ta ce ka saurara kai kaɗai." Na ce to, na gode. Na isa ɗaki na ajiye shi a kan tebur cikin 'yan uwansa. Na san minti arba'in da biyar ne cif, ni kuwa makon nan kaina ba ya jikina. Ranar Laraba mawaƙan da na fi so a duniya za su yi wasa a Birmingham, tikitin ya yi wata biyu a cikin Littafi Mai Tsarki don kada ya ɓata. Na ce bari in dawo, in zauna da kofin shayi in saurari Mama a natse.

Ranar Laraba na makara daga aji. Na shigo ɗaki a guje, na sa sabon batir, na wawuri kaset ɗaya daga kan tebur na cusa a rakoda, na ruga tashar mota. A Birmingham muka yi layi cikin yayyafi tun la'asar. Ba zan yi ƙarya ba don abin da ya biyo baya: wasan ya yi daɗi. Ya yi daɗin da ban taɓa ji ba. Da mawaƙan suka fito mutane suka ɗauke ni ƙafata ba ta taɓa ƙasa, gumi da tururi, ƙasa tana girgiza. Na yi ihu har muryata ta dishe, na rungumi wani ƙato mai gemu da ban san shi ba. Can tsakiyar wasa wani ya faɗo mini ta gefe, gwiwar hannunsa ta doki aljihuna. Sai daga baya na ga ashe dukan ya kashe rakodar. Na yi ta tsine masa a zuciya har Manchester, wai ya jawo mini asarar rabin wasa.

Washegari da rana ina saman bas a Wilmslow Road za ni aiki, abin ji a kunne, ina kaɗa kai ina murmushi ni kaɗai. Ana tsakiyar waƙa sai ƙat, kiɗa ya yanke. Sai carar zakara. Sai muryar Mama, kusa, a hankali, ba irin muryar da take ba da labarin akuya da ita ba:

"...shi ne abin da ya hana ni sukuni. Tun da na haife ka ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan. Kada ka gaya wa yayarka, tsakanina da kai ne. Za ka yi mini?"

Ta yi shirunta. Na jira "To, madalla," bai zo ba. Shirun ya yi tsawo, ina jin numfashinta. Can sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke, zo ki kashe abin nan." Kaset ya ƙare.

Na yi maza na zaro rakodar daga aljihu. Na mayar baya, na sake mayarwa, babu komai sai ganga da jita. Na juya ɗaya gefen, wayam, ta bar mini shi don amsa. Na wuce inda zan sauka da tasha biyu ban sani ba. Duk da haka na lallashi kaina. Na ce ai ba mutuwa aka yi ba, ranar Lahadi zan sayi katin waya in kira, in sha faɗa, ta sake yi mini wani. Na iya kira a ranar, ko washegari. Kunya ce ta hana ni, ina ta shirya yadda zan faɗa ba tare da kalmar kiɗa ta fito ba.

Ranar Asabar da safe yayata ta riga ni kira. Ba ta taɓa kirana ba, kullum ni ke kira. Ta ce Mama ta faɗi a tsakar gida tana shara. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Tana gani, tana ji, tana gane mutane, amma magana ta tafi. Na ce zuwa yaushe? Ta ce likita bai ce ba. Na tambaye ta, kamar ba da wata manufa ba, ko tana wurin da aka yi kaset ɗin nan. Ta ce, "Ina fa. Ina danna mata ta kore ni, har ƙofa ta sa na ja. Me ta ce maka?" Na ce gaisuwa ce kawai.

Fasfona a lokacin yana hannun hukuma ana sabunta mini takardar zama, ba halin tafiya. Abin da ke hannuna kaset ne kawai, na kuwa riƙe shi kamar zai tsere.

Akwai wani dattijo Bahaushen Kumasi mai shagon gyaran rediyo da talabijin a wani lungu a Rusholme. Baba muke ce masa. Nakan tsaya wurinsa don in ji Hausa a bakin babba, shi kuma yakan tsokane ni da cewa kiɗan aljanu nake ji. Ranar Litinin tun kafin ya gama ɗaga ƙofar shago ina tsaye. Na zayyana masa komai. Bai tsokane ni ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya juya kaset ɗin a hannunsa, ya buɗe rakodata ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da bakin sukudireba.

"Ɗana, ka ga wannan? Shi ke gaba, yana sharewa, na baya yana rubutawa. It's gone. Ba a ƙarƙashi take ba, babu ita ne."

"Baba, a duba dai. Ko kaɗan ne."

"In duba me? Ni ba na cin amanar customer da ƙarya, balle kai." Ya cire tabarau. "Hannunta ɗaya yana aiki?"

Na ce na hagu.

"To ka kira. Ka ce Mama na yi kuskure, ban ji ba. Sai ka riƙa tambaya ɗaya-ɗaya, in ka dace ta matsa hannun yayarka. Zai ɗauki lokaci, amma mai rai ba a yanke masa ƙauna."

Na ce ai ta ce kada yayata ta sani. Ya dube ni ya ce, "Yayarka kake tsoro ko kanka?" Na fizgi kaset ɗina na fita ko sallama babu. Dattijon ya yi gaskiya, abin da ya ba ni haushi ke nan.

Kwanakin nan ban san me na ci ba. Na daina zuwa aji. A wurin aiki na fasa faranti uku rana ɗaya. Duk inda na samu wuri sai in sa abin ji a kunne in ƙure murya, ina neman Mama a tsakanin dukan ganga da dukan ganga. Wani lokaci in rantse na ji ta, in mayar baya, ashe wata yarinya ce ke ihu a gefena. Na haddace wasan nan kaf, har tarin da wani ya yi. Waƙoƙin da nake mutuwar so suka koma mini ƙaiƙayi.

Ranar Juma'a ƙafata ta kai ni silima da kanta, don ban san inda zan sa kaina ba. Sabon fim ne na 'yan leƙen asiri. Ban bi labarin ba sai da aka zo wani wuri: an kawo wa wani mai tabarau sautin da aka lalata, ya zauna gaban kwamfuta, ya ja wannan ya tura wancan, ya cire ƙarar mota, ya cire ta ruwan sama, sai ga murya ta fito tas. Na miƙe tsaye a tsakiyar mutane na ce, "Yauwa!" Wani ya ce in zauna, na ce masa ya zauna shi tunda gidan ubansa ne. Na fita ban ga ƙarshen fim ɗin ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ɗan ajinmu da ya fara kai ni wasa ya san wani Bature mai ɗakin ɗaukar waƙa a wani tsohon sito a Salford, wajen bakin ruwa. Na hau taragon cikin gari na je a ranar. Mutumin kirki ne, mai furfura da 'yan kunne. Na ba shi labari da Turancin da ke ta karyewa a bakina, har da na fim ɗin. Ya ce fim fim ne. Amma da ya ga idona sai ya karɓa ya sa a na'urarsa. Ya yi kusan awa guda yana murɗe-murɗe. Ya rage ganga, ya rage jita, ya ce bari ya fito da duk abin da ke kama da muryar mutum kusa da rakoda.

Murya ta fito kuwa, tas, ta cika ɗakin ta manyan lasifikoki. Tawa ce. Ni ne nake ihu, ina bin waƙa ba bisa ƙa'ida ba, ina dariya, ina kiran sunan mai jita kamar ɗan uwana. Minti arba'in da wani abu, daidai inda Mama ta rufe ƙofa ta zauna ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni ne a kai ina haushi kamar kare. Na ce ya kashe. Ya kwafe mini ɗan guntun ƙarshen a faifai, ya ƙi karɓar komai. Na zauna a kan matakalar sitonsa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Lahadi na sayi kati na shiga rumfar waya a Withington. Yayata ta ari wayar hannu ta kai asibiti. Na shirya, wallahi na shirya, maganar Baba tana bakina kalma-kalma. Yayata ta ce, "Gara da ka kira. Tun jiya take nuna kunnenta tana nuna ƙofa, ta ƙi cin abinci. Sai da na ce kaset? ta matsa mini hannu. So take ta ji ko ya iso. Ga ta."

Na ji an kara mata wayar. Numfashi, irin na cikin kaset ɗin. Sai wani sauti daga maƙogwaro, guda ɗaya, mai hawa sama. Ko ba kalma na san tambaya ce, na kuma san wace tambaya.

Na ce, "Mama, ni ne."

Ta sake yin sautin.

Na buɗe baki in ce ban ji ba. Abin da ya fito shi ne, "Na ji, Mama. Na ji duka. Zan yi. Ki kwantar da hankalinki, zan yi."

Ta saki wani dogon numfashi. Yayata ta karɓi wayar tana kuka tana dariya, ta ce Mama ta rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarta, ga shi har ta nuna kwanon kunu. Na ajiye waya na jingina kaina da gilashin rumfar. Ƙofa ɗaya ce ta rage mini, na rufe ta da bakina. Bayan wannan da wane ido zan koma in ce mata ƙarya na yi? Kowace Lahadi ina kira ina cewa yau zan faɗa, kowace Lahadi ina ce mata ta ci abinci. Mako uku ta yi, sannan ta rasu. An binne ta ba na nan.

Da na samu zuwa gida shekara ta kewayo. Na zazzage akwatinta ban sami komai ba sai zannuwa da katin awo na ƙuruciyata. Na zagaya wurin fasto, na zagaya wurin ƙawarta ta zumuntar mata, ina jefa tambaya a kaikaice, babu wanda ya san komai. Sai na kama yin duk abin da zuciyata ta raya mini. Na je na gaida kawunmu da suka yi shekaru ba sa ga-maciji da ita. Na gyara kabarin babanmu. Na aske gashin da na tara, don ta taɓa ganin hotona ta yi tsaki. Na ɗauki karatun 'yar yayata. Kowanne in na gama sai in tsaya in ji ko zuciyata za ta ce shi ne, ba ta taɓa cewa ba. Wataƙila ma in dawo gida ne kawai ta roƙa, ni kuwa ga ni har yau a nan.

Ran da zan komo yayata ta raka ni tasha. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ban san me ke tsakaninku ba, ba zan kuma tambaya ba. Amma kai ka sa ta tafi da kwanciyar rai. Allah ya yi maka albarka." Na ce amin. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ban daina zuwa wasa ba. Na yi fushi da jita na wani lokaci, amma ba ita ta danna rakoda ba. Sai dai yanzu can baya nake tsayawa, aljihuna babu komai, kuma duk ƙaton da ya bangaje ni ba na tsine masa, don irinsa ne ya bar mini ɗan abin da ya rage. Silima ma ina zuwa. Inda ba na iya jurewa shi ne in an nuna tsohuwa a gadon asibiti tana faɗin wasiyyarta dalla-dalla, ɗanta yana riƙe da hannunta yana gyaɗa kai. Nan nakan tashi in fita, in sun ga dama su harare ni.

Kaset ɗin yana nan, na karya 'yan kunnuwansa, ihu bayan hari. Nakan kunna shi in ni kaɗai ne a gida, kuma ba na tsallake kiɗan, daga farko nake ji, in saurari kaina ina ihu har inda ya yanke. Zakara ya yi cara. Ta ce ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ta ce, "Za ka yi mini?" Ta yi shiru ta bar mini wurina, ni kuma in ce, "Ban ji ba, Mama. Ki sake faɗa." Sai ta kira yayata ta zo ta kashe abin.